Idan an kama ka a Amurka kuma ba ɗan ƙasa ba ne kai: abin yi kafin ka buɗe baki ka ce "na amsa laifi"

Salamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka, da ku da kuke gida amma kuna da ɗa ko ƙani ko miji a can. Tun farko in faɗa, ni ba lauya ba ne, rakiya dai na sha yi zuwa kotu, na zauna a kan bencin nan na baranda na ga yadda abin yake tafiya. Lauyan gwamnati, wato wanda kotu take ba marar hali kyauta don ya kare shi, zai fito da fayil-fayil a hammata kamar ashirin, ya kira sunanka ma bai iya faɗa daidai ba, ya ja ka gefe minti biyar ya ce maka ga tayin da mai gabatar da ƙara ya yi, ka amsa laifi a ba ka shekara ɗaya ta je-ka-gyara-halinka, ko kwana ɗaya ba za ka yi a ciki ba, yau za ka kwana a gidanka. Kai kuma kana tunanin aikin da ka bari da kuɗin haya da kunyar kar jama'a su ji, sai ka ce alhamdulillahi ka sa hannu. To wallahi wannan sa hannun shi yake tasa ƙeyar mutane da yawa, ba a ranar ba, bayan shekara biyu ko biyar, ranar da ka dawo daga ganin gida aka ce ka shiga ɗakin ciki a filin jirgi, ko ranar da ka je sabunta girin kad, katin izinin zama na dindindin.

Abin da ya sa kuwa, kotu biyu ce a kanka kuma kowacce da ma'auninta. Akwai kotun laifi, yawanci ta jiha, ita abin da ya dame ta ɗauri ko tara. Sannan akwai imigireshin wanda na tarayya ne, shi kuma zai ɗauki takardar hukuncin ya karanta ta da nasa idon. A wurinsa in dai ka amsa laifi, ko ka ce ba ka jayayya, sannan alƙali ya ɗora maka wani abu ko yaya yake, tara ko furobeshin (zama a waje ana sa maka ido) ko zuwa aji, to an same ka da laifi ke nan, ko da daga baya kotun jiha ta ce ta kori kes ɗin ko ta goge shi daga rikod. Wannan ma'anar tun dokar 1996 take, kuma dokar ce ta ce ɗaurin je-ka-gyara-halinka ana lissafa shi cif kamar ka zauna. Kuma kar ka ɗauka amsa laifi wani abu ne da ba a cika yi ba, Kotun Ƙoli da kanta a 2012 ta ce kashi 97 cikin ɗari na hukunce-hukuncen tarayya da kashi 94 na jihohi ta hanyar amsa laifi ake samun su. Wato a barandar nan ake gama komai.

To bari mu bi shi daga farko.

Lokacin kamun, baki shi ke yanka wuya. Ka ba da sunanka na gaskiya, ka ce kana son lauya kuma ba za ka yi magana ba sai ya zo, shi ke nan ka yi gum. Kar ka tsaya bayanin inda aka haife ka ko yadda ka shigo, kar ka nuna takardar bogi, kuma duk rintsi kar ka ce kai ɗan Amurka ne alhali ba haka ba, wannan ƙaryar ita kaɗai tana iya rufe maka ƙofar takardu har abada. In Turancin bai zauna maka ba ka nemi tafinta, ba abin kunya ba ne, mutum yana iya hira da fasinja a mota amma Turancin kotu daban ne. Da zarar an ɗauki zanen yatsunka ya tafi FBI, daga can kuma ya wuce hukumar tsaron cikin gida, saboda haka ka ƙaddara ICE, jami'an imigireshin masu kame da kora, sun san kana hannu. Suna iya aiko wa gidan yarin takarda cewa a riƙe musu kai har awa 48 bayan lokacin sakinka, wasu garuruwan suna bi wasu ba sa bi. Shi ya sa 'yan'uwa kar ku yi gaggawar karo-karo ku biya beli ba ku tambayi lauya ba, wani lokacin kana biya daga ƙofar nan motar ICE ce za ta ɗauke shi zuwa wata jiha mai nisa, ga kes ɗin laifi ya tsaya a rataye. Wayar gidan yari kuma ana naɗar ta, kuma ana nemo mai fassara, kar ka ce ai da Hausa nake yi. Wani abu kuma da masu neman mafaka ya kamata su sani, Nijeriya da Gana suna cikin ƙasashen da yarjejeniya ta wajabta a sanar da ofishin jakadancinsu in an tsare ɗan ƙasarsu, to kar ka yi wa ɗan sanda hirar mafakarka, ka bar ta tsakaninka da lauya.

Ranar farko da ka ga lauyanka, kafin ya tambaya kai ka faɗa masa: ni ba ɗan ƙasa ba ne. Ka gaya masa wace takarda ce da kai, yaushe ka shigo, da biza ko ta iyaka, an taɓa kama ka a baya ko a'a, ko a wata jiha ko wata ƙasa. Sirrinka ne a wurinsa ko da na gwamnati ne. Kuma haƙƙinka ne ya yi maka bayanin abin da amsa laifin zai jawo wa takardunka, wannan hukuncin Kotun Ƙoli ne na 2010 a shari'ar Jose Padilla, mutumin Honduras, direban babbar mota, ya fi shekara 40 da girin kad har yaƙin Biyetnam ya yi wa Amurka, aka kama shi da wiwi a mota a Kentaki lauyansa ya ce masa kar ya damu da maganar imigireshin tunda ya daɗe a ƙasar, ashe laifin da ya amsa ɗin kora ce kai tsaye. Amma gaskiyar magana, lauyan laifi da yawa ba su ƙware a dokar imigireshin ba, fanni ne daban mai rikitarwa. Ka nemi a rubuta maka tayin, lambar sashen dokar da tsawon hukuncin, ka kai wa lauyan imigireshin da ya saba da kes ɗin laifi ya duba. Ofisoshin lauyoyin gwamnati na manyan birane da yawa suna da irin wannan mutumin a cikin gida, tambaya kawai za ka yi. In an ce sai yau, ka ce a nemi ɗage zama. Sauri ya haifi nawa.

Yanzu laifukan da suke ƙona takarda. Mafi muni shi ne rukunin da suke kira agrabeted feloni, kar sunan ya sa ka ɗauka manyan laifuka ne kawai, a ciki akwai kisa da fyaɗe da fataucin ƙwaya, amma akwai abubuwan da a jiha ƙaramin laifi ne. Sata ko laifin da aka yi amfani da ƙarfi, in hukuncin ya kai shekara ɗaya ya shiga rukunin, ko da ba ka kwana a ciki ba. Ka ga ke nan tsakanin kwana 365 da kwana 364 akwai rayuwar mutum gaba ɗaya, shi ya sa Kalifoniya da Niyok suka gyara dokarsu suka mayar da ƙarshen hukuncin ƙaramin laifi kwana 364. Damfara kuma ba a duba ɗauri, asarar ake dubawa, in ta haura dala 10,000 an shiga. Nan ne nake jin tsoron yaranmu, wani zai ce ara min akawun ɗinka za a turo min kuɗi in ba ka wani abu, kai ba ka san daga ina kuɗin suka fito ba, ka shiga sharo ba shanu. Wanda ya faɗa wannan rukunin tsare shi ake yi babu beli, babu mafaka, babu yafiyar da ake yi wa masu girin kad, kuma ba zai taɓa zama ɗan ƙasa ba in hukuncin daga 29 ga Nuwamba 1990 ne zuwa yau. In an kore shi ya sake satar hanya ya dawo, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 20.

Na biyu laifukan da suke ɗauka na rashin ɗa'a ne, sata, zamba, ƙaryar takarda, raunata mutum da gangan. Ƙa'idar kora a nan: guda ɗaya a cikin shekara biyar na farkon shigowarka in laifin irin wanda ake iya ba da shekara ɗaya ne, ko kuma guda biyu a lokuta daban ko yaushe ne. Ɗaukar turare a kanti sau biyu ya isa. Akwai ɗan sassauci ga mai neman biza ko girin kad in laifin guda ɗaya ne tak, iyakar hukuncinsa bai wuce shekara ba kuma abin da aka ba shi bai wuce wata shida ba.

Ƙwaya kuwa babu wasa. Duk wani hukunci a kanta kora ne, abu ɗaya aka cire, wiwi giram 30 ko ƙasa da haka na shan kanka sau ɗaya. Kuma kar shagunan wiwi da kake gani a buɗe a Niyok ko Kolorado su ruɗe ka, jiha ce ta halatta, tarayya ba ta halatta ba, imigireshin kuma dokar tarayya yake bi. Ko ba a taɓa kama ka ba, faɗa wa jami'i ko likitan gwajin girin kad cewa kana sha yana iya ɓata maka neman, haka ma aiki a shagon. Tramadol da kodin da wasu suke sakowa a jaka kamar fanadol, a can suna cikin jerin magungunan da doka ta ƙayyade, babu takardar likita matsala ce. In kana son ka ga ƙanƙantar abin da yake kai mutum, wani ɗan Tunisiya Moones Mellouli, mai girin kad, malamin lissafi, an tsayar da shi a Kansas aka samu ƙwaya huɗu a cikin safarsa, laifin da ya amsa shi ne mallakar abin ɓoye ƙwaya, wato safar ƙafa. A kan safa aka kore shi a 2012. Sai a 2015 Kotun Ƙoli ta ce an yi kuskure, saboda takardar hukuncin ba ta faɗi wace ƙwaya ba ce, kuma jerin ƙwayoyin da dokar Kansas ta ƙayyade ya fi na tarayya faɗi. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sai rikicin cikin gida, kuma nan zan ɗan tsaya don shi ya fi cin mutanenmu. Dukan mata dama ba mutunci ba ne a ko'ina, a Amurka kuma dalilin kora ne mai zaman kansa, shi da cin zalin yaro da bibiyar mutum. Maƙwabci ne zai ji hayaniya ya kira 911, ko malamar makaranta ta ga shatin bulala a bayan yaro kuma doka ta tilasta mata ta kai rahoto. Daga nan kes ya fita daga hannun matar, ko ta ce ta yafe mai gabatar da ƙara yana iya ci gaba. Alƙali zai ba da odar kar ka kusance ta, kar ka kira, kar ka aika. To abin da muka saba shi ne a tura dattawa ko liman su je biko, a nan wannan aiken karya oda ne, in ma aka ce ta janye magana ana iya ƙara maka da laifin tsoratar da shaida. Ko ita ce ta kira ka kar ka ɗauka, ita odar ba ta hau kanta ba, kai ta hau. Kuma karya odar kawai, in kotu ta tabbatar, ya isa kora ko ba a yanke maka hukuncin laifi ba. Bindiga ba bisa ƙa'ida ba ita ma kora ce. Yin zaɓe alhali ba ɗan ƙasa ba ne kai haka, ka kula da fom ɗin da ake miƙo maka wajen yin lasin tuƙi.

Masu biza, ɗalibai da 'yan ziyara da ma'aikata, ku ba a jiran hukunci. Kamu kawai a kan tuƙi cikin maye yana sa ma'aikatar harkokin waje ta soke bizar, sai dai ka ga imel. Wanda kuma ya shigo ba ta hanya ba, tun Janairun 2025 akwai dokar Laken Riley da ta ce in an kama shi ko an tuhume shi da sata, fasa gida, ɗauke kaya a kanti ko dukan ɗan sanda, a tsare shi babu beli, ko ba a tabbatar da laifin ba.

To mene ne lauya mai kyau zai nema maka? Na farko a kori kes ɗin ko a je shari'a in hujjarsu ba ta da ƙarfi. Na biyu shirin gyaran hali da ake shiga KAFIN amsa laifi, ka yi aji ko aikin al'umma a rufe kes ba tare da ka furta komai a gaban alƙali ba, amma ka tambaya da kyau don akwai mai kama da shi wanda sai ka amsa tukuna, wannan tarko ne. Na uku a canja sashen, misali daga sata zuwa shiga wuri ba izini ko tayar da hankalin jama'a. Na huɗu a sauke hukunci zuwa kwana 364, ko a raba shi a kan tuhuma biyu kowacce ƙasa da shekara, ko a tabbatar asarar da aka rubuta a laifin da ka amsa ba ta haura dala 10,000 ba. Ka tuna safar Mellouli, alƙalin imigireshin galibi sashen dokar da takardun hukuncin yake dubawa, saboda haka kalmar da aka rubuta da wadda aka bari tana da nauyi, kai ma in alƙali ya ce faɗi abin da ka yi kar ka ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da lauya ya tsara. Wani abin zai ba ka mamaki, wani lokacin gara ka yi wata biyu a ciki a kan sashe mai lafiya da ka tafi gida yau a kan sashe mai kora. Ni a ganina duk mai iyali a ƙasar wannan lissafin ya kamata ya yi, amma kai za ka gaya wa lauya cewa zamanka a ƙasar ya fi maka komai, in ba haka ba shi rage ɗauri kawai zai sa a gaba.

In kuma aikin gama ya gama, ka riga ka amsa, akwai sauran hanya amma mai wuya ce, tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Ana komawa kotun da ta yi hukuncin a nemi ta rushe shi saboda kuskuren shari'a, misali lauya bai yi maka bayani ba ko babu tafinta. A Niyok sashe na 440 ake bi, a Kalifoniya 1473.7. Dalilin da aka rubuta shi ne komai, in an rushe don tausayi ko don ka gyara hali ko don a cece ka daga kora, imigireshin ba ya karɓa. Afuwar gwamna tana wanke wasu laifukan amma ba ta wanke na ƙwaya da bindiga. Kafin nan, kar ka fita daga ƙasar, ko Umara ko Hajji ko rasuwa, sai lauya ya duba, domin mai girin kad da ke da irin wannan laifin in ya dawo ana ɗaukarsa kamar sabon mai neman shiga. In sun tsare ka a filin jirgi suka miƙo fom I-407 kar ka sa hannu, sallama girin kad ne da kanka, ka ce kana son ganin alƙali. Haka kar ka aika neman zama ɗan ƙasa kai tsaye, fom N-400 yana tambayar duk wani kamu ko da an kori kes ɗin, in ka faɗa allura tana iya tono garma, in ka ɓoye kuma ana iya ƙwace takardar ko bayan shekaru.

A kotun imigireshin gwamnati ba ta ba ka lauya kyauta, sai dai wurare kamar Niyok da suke da shirin ba wa tsararru marasa hali, da ƙungiyoyin agaji. Kar ka amince da abin da aka rubuta a takardar sammacin a zaman farko, mai girin kad gwamnati ce za ta kawo hujjar korarsa. A fara duba ma ko kai ɗan ƙasa ne ba ka sani ba, yaron da yake da girin kad yana hannun mahaifi ko mahaifiyar da ta zama 'yar ƙasa kafin ya cika 18, a ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a Fabrairun 2001 ya zama ɗan ƙasa kai tsaye. Sannan akwai soke kora: mai girin kad na shekara 5 da zaman shekara 7 ba tare da agrabeted feloni ba, sai dai agogon shekara bakwai ɗin yana tsayawa ranar da aka aikata wasu laifukan. Marar takarda kuma shekara 10, da kyakkyawan hali, da nuna cewa mata ko ɗa ko iyaye 'yan ƙasa ko masu girin kad za su shiga wahalar da ta wuce misali, kuma mutum 4,000 kawai ake ba a shekara. Wanda yake tsoron azabtarwa in an mayar da shi yana iya neman kariyar yarjejeniyar hana azabtarwa ko wane irin laifi ne da shi, duk da dai ba ta kai mutum ga girin kad. Wadda mijinta ɗan ƙasa ko mai girin kad yake duka tana da hanyar neman takarda ta VAWA, dokar da ke kare waɗanda ake cin zalinsu a gida, ba sai da sa hannunsa ba, wanda aka yi wa laifi ya taimaki 'yan sanda kuma akwai bizar U. In an samu beli mafi ƙanƙantarsa dala 1,500. Ko me ake ciki kar ka ƙi zuwa zama, rashin zuwa sau ɗaya alƙali zai yanke kora a bayan idonka, in ka tashi daga gida kwana 5 ne da kai ka sanar da kotu sabon adireshi a fom EOIR-33. Ɗaukaka ƙara ma wa'adinsa gajere ne, a ranar hukuncin za ka fara shiri.

Masu cika fom a bayan shago da suke cewa sun san wani a ciki, ku rabu da su, lauya mai lasin ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi kaɗai ke da ikon tsaya maka, kuma ana iya duba lasin lauya a shafin ƙungiyar lauyoyin jihar.

Abin da za ka tanada tun yau a jaka ɗaya wadda matarka ko wani amintacce ya san inda take: kwafin fasfo da girin kad ko biza, lambar nan taka mai farawa da A wadda da ita ake neman mutum a shafin ICE in an ɗauke shi, takardar ƙarshen kowane kes da aka taɓa yi maka mai hatimin kotu ko da tikiti ne aka kora, takardun haraji, takardun haihuwar yara da na asibiti in akwai marar lafiya, da takardar da ta nuna wa zai ɗauko yara daga makaranta in ba ka dawo ba. Lambar lauya kuma ka haddace ta a ka, wayarka ita ce abu na farko da za su karɓa.